Garkar Inna a Lazare: nazarin wani gida a kwanakin da aka killace Yamai

Ran 29 ga Maris 2020 aka killace birnin Yamai saboda cutar korona, ba shiga ba fita, kuma ba a ɗage dokar ba sai 15 ga Mayu. Kwana 47 ke nan. A cikin kwanakin nan wani gida a unguwar Lazare ya yi garka a gindin katanga, a tsakiyar bazara, lokacin da ba wanda ke shuka ganye a Yamai sai masu fili a bakin kogi. Gidan yayata ne, nan nake ci nake kwana. An rufe lakwal tun 20 ga Maris, ni kuwa malamin makaranta ne, sai na wayi gari ba aikin fari ba na baƙi. Na ɗauko wani tsohon kaye na ɗalibai na riƙa rubuta ruwan da ake zuba wa garkar da ganyen da ake tsinka. Daga kayen nan na fitar da wannan bayani, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Mu tara ne a gidan: maigida, yayata, yara biyar, ni, sai mahaifiyar maigida wadda kowa ke ce wa Inna. Maigida direban babbar motar fasinja ne a hanyar Yamai zuwa Tawa, ta Doso da Dogonduci da Ƙonni. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, abin da ke riƙe gidan shi ne kuɗin hanya da ɗan saƙon da ake ba shi, da kayan miya da yake sayowa da araha in ya dawo. Yayata tana sayar da ƙanƙara da lemun ɗauri. Inna kuwa baƙuwa ce. Daga wani ƙauye kusa da Galmi ta zo farkon Maris don a duba mata ido, aka ɗaga ranar ganin likita, kafin ta yi haramar komawa hanya ta rufe. Kuma lokacin ne ake cire albasa a garinsu. Wanda ya san mutanen Galmi ya san abin da ake nufi da a tsare tsohuwa a birni ana cire albasa ba da ita ba.

Yana da kyau a tuna yadda dokar take, don mutane sun fara haɗa ta da irin ta Faransa. A Yamai ba a kulle mutane cikin gida dare da rana ba. An samu mutum na farko da cutar ran 19 ga Maris. Ran 27 Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi jawabi, aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka hana yawo daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. An hana sallar jam'i da taruwa. Kasuwanni suna ci da rana, Katako da Wadata ba su fasa ba. Abin da ya mutu shi ne hanya, da makaranta, da masallaci, da zaman fada da dare. Waɗannan huɗun kuwa su ne ke fitar da mazan gidanmu da yaransa waje. Sai ga mu duka a tsakar gida ɗaya, cikin watan da zafi ke wuce digiri 40 kusan kullum, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare.

Yadda aka fara

A mako na farko ba abin da ake yi sai faɗa. Yara na faɗa a kan rediyo, maigida na dafa shayi shi kaɗai yana tsaki, ƙanƙarar yayata na narkewa a firji. Inna ba ta cewa komai, tana zaune a kan tabarma tana kallon katangar yamma. Ran 2 ga Afrilu da asuba na fito na tarar ta sa babban jikanta, ɗan shekara 14, yana sara ƙasa da wata guntuwar hauya.

Maigida ya fito ya tsaya. Ya ce, "Inna, mi za ku yi da wurin nan?"

Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai dai ba ni wuri. Fangali zan yi."

"Cikin bazara? Da wane ruwa?"

"Da wanda kuke zubarwa."

Wurin da ta zaɓa shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar ka sosai, da azahar inuwa takan shige ƙarƙashin ƙafar mutum. Ba katangar da ke ba da inuwa a wannan sa'ar. Amma daga ƙarfe biyu zuwa faɗuwar rana, wato lokacin da iska ta fi zafi, katangar da ke yamma da tsakar gida tana jefa inuwarta gabas. Kwanakin da muka ɗauka Inna zaman takaici take yi, ashe inuwar take aunawa. Ta shata wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita huɗu, ta raba shi fangali huɗu, kowanne a nutse kamar faɗin tafin hannu ƙasa da tsakar gida, da ɗan kunya kewaye, irin yadda masu albasa ke yi don kada ruwa ya gudu.

Ƙasar Lazare rairayi ce, ka zuba ruwa ka juya ka ga kamar ba a zuba ba. Aka samo takin tumaki wurin wani maƙwabci. Ya kawo sabo daga turke, ta mayar masa, ta ce wanda ya shekara a bayan garke take so, don sabon taki yana ƙona saiwa.

A nan ne na shigo da nawa ilimin, kuma gara in faɗa da bakina. Na je na sayo irin tumatir da na salati a 'yar takarda mai hoto, na zo ina bayani. Inna ta juya takardar a hannu, ta miƙo mini, ta ce, "Malam, wannan na ɗari ne. Ka aje shi sai an yi sallar layya da wata biyu." Na ce ai da inuwa da ruwa komai na yi. Ta ce to, ta bar mini wata tsohuwar roba da buhu biyu. Ita kuma ta shuka alayyahu a fangali biyu, lalo a ɗaya, yakuwa da kuɓewa a na huɗun. Irin alayyahu da na lalo daga wata mai sayar da ganye aka samo. Yakuwa akwai gurguzunta a gida. Na kuɓewa ne ya ba da wahala: yayata ta ce a tsinto 'ya'yan da ke cikin busasshiyar kuɓewar miya, Inna ta ce waɗannan tun suna ɗanyu aka yanka su, ba su nuna ba, ba za su tsiro ba. Sai da na je Gamkalle wurin masu garka a bakin kogi na roƙo ƙwanso uku da suka bushe a jikin uwarsu. Ta kuma sa aka saro rassan zogale biyu masu kaurin hannu daga bishiyar maƙwabta, aka dasa a ƙarshen fangalin.

Lissafin ruwa

Nan ne zuciyar lamarin, shi ya sa zan daɗe a kai.

A watan Afrilu a Yamai, rana da busasshiyar iska suna shanye abin da ya kai lita 7 zuwa 8 a kowane murabba'in mita na shuka, kullum. Garkar Inna murabba'in mita huɗu ce, wato tana neman kusan lita 30 a yini, fiye da bido ɗaya mai lita 25. A gidan da ake tashi ƙarfe biyu na dare a tare ruwa, in famfo ya ƙi kuma a kira mai garuwa, bido guda ba abin wasa ba ne. Ga wani abu kuma: gwamnati ta ce ta ɗauke wa masu ƙaramin amfani kuɗin ruwa da na wuta na watannin Afrilu da Mayu. Maigida, wanda ba ya samun ko dala, yana tsoron kada garka ta tura mitarmu sama ta fitar da mu daga cikin waɗanda aka yafe wa. Ya kafa sharaɗi: kada a ɗebi ko kofi ɗaya daga randa ko daga famfo saboda ganye.

Inna ta yarda ba tare da musu ba, abin da ya ba ni mamaki. Da magariba ta ɗauko babbar tasa ta aje a bakin fangali, ta sa dutse a gefe, ta ce daga yau nan ne wurin alwala.

Ga yadda lissafin ya fita. Mu bakwai ne masu salla a gidan. Kafin dokar, ni da maigida da yara maza biyu a masallaci ko a wurin aiki muke yawancin alwalarmu. Da aka rufe masallatai, duk ta dawo gida. Na auna da kwalbar lita: mutum ɗaya yana zubar da kusan lita ɗaya a alwala, yara sun fi haka don ɓarna. Bakwai sau biyar 35 ne. Ko an cire wanda ya riƙe alwalar magariba zuwa lisha, tasa tana tara lita 25 zuwa 30 kullum, ruwan da a da yake bin rariya ya fita titi. A kan wannan aka ƙara ruwan wankin shinkafa da na gero da na ɗauraye kayan shayi. Maigida ya ɗan yi gardama a kan ko ya dace a zuba ruwan alwala a kan taki. Ya buga wa wani malami waya, malamin ya ce ruwa ne mai tsarki, shayar da shuka da shi ba laifi. Magana ta mutu.

Ba a zuba ruwan yadda aka ga dama. Na azahar da la'asar ana aje shi a inuwa sai rana ta faɗi, don a cewar Inna shayarwa da tsakar rana ciyar da rana ne. Sau biyu ake ban ruwa, bayan asuba da bayan magariba, da gwangwanin tumatir da aka huda wa gindi da ƙusa. Da tsiro ya kai tsawon yatsa ta sa aka rufe ƙasa da busasshen ganyen dogon yaro. A sama kuma aka kafa sanduna huɗu aka ɗaura wani yagaggen gidan sauro ninki biyu, ya rage kaifin ranar azahar, ya kuma hana tsuntsaye. Bayan waɗannan biyun, a kayena ruwan da ake zubawa ya sauko zuwa wajen lita 20, har ana samun rarar da ake ba zogale. Shi zogalen wata fasasshiyar tukunyar ƙasa aka binne tsakanin rassan biyu, ana cika ta a rufe da faifai, tana tsattsafowa a hankali.

Ranar da aka yi ɓarna

A ƙofar gida akwai bokiti mai ɗan famfo da sabulu, kamar yadda ake ta faɗa a rediyo, kuma yayata takan ɗiga jabel a ciki. Ƙarƙashinsa akwai roba da ke tare ruwan wankin hannu. Ran 13 ga Afrilu ƙaramar yarinyar gidan, 'yar shekara shida, ta ga kowa na kai ruwa garka ana yaba masa, ita ba a ba ta gwangwani ba. Ta jira aka shiga ɗaki da rana, ta ja robar nan da ƙyar ta juye a fangalin alayyahu na farko. Ta yi haka kwana biyu ba wanda ya sani. A rana ta uku gefen ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta, ƙasa ta yi wani farin ɓawo. Sabulu da omo suna ɗauke da gishirin da ke hana saiwa shan ruwa, jabel kuwa ƙona ta yake kai tsaye, kuma tsiron kwana goma ba shi da ƙarfin jure ko ɗaya.

Yayata ta ɗauko takalmi. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ɗiyata, bar mini kishiyata, ni da ita ne." Ta zaunar da yarinyar, ta ba ta ruwan tasa ta ce ta ɗanɗana da bakin yatsa, sannan ta nuna mata na robar ta ce, "Wannan za ki sha?" Yarinya ta girgiza kai. "To shi ma ba ya sha." Daga ranar aka ba ta gwangwaninta, aka kuma naɗa ta mai korar ƙadangaru, waɗanda suka riga suka cinye rabin tsiron kuɓewa. An kwashe ƙasar saman fangalin, aka sake shuka. Kusan mako biyu suka tafi a banza.

A cikin makon ne kuma unguwa ta rikice. Matasa suka fito da dare suna ƙona tayoyi a kan dokar hana yawo da hana sallar jam'i, jami'an tsaro suka zo da hayaƙi mai sa hawaye, aka kama mutane da dama. Muna kwance a tsakar gida muna jin gudu a bayan katanga. Babban yaron ya so leƙawa, ubansa ya ce in ya taɓa ƙofa sai ya karya shi. Da safe baƙin tokar taya ta sauka a kan gidan sauron. Ban ce garka ce ta hana yaron fita ba, tsoron ubansa ne. Amma na lura shi ke tashi da asuba ban ruwa, kuma wanda ya tashi da asuba ƙarfe tara na dare barci yake ji.

Abin da aka samu

Gab da azumi aka sassauta dokar hana yawo, ta koma daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba. Azumi ya kama a makon ƙarshe na Afrilu, kuma ran 27 aka yi yankan farko na alayyahu a fangalin da ya tsira, kwana 25 bayan shuka. Inna ba ta tuge shi, yanka take da wuƙa ta bar kamar tsawon yatsa huɗu, ya sake tofo. Aka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli aka sha ruwa da shi. Faranti ɗaya ne, mu tara, kowa loma uku.

Zuwa ƙarshen Mayu kayena ya nuna yankan alayyahu bakwai, na lalo huɗu, yakuwa kuwa ana tsinkar ta kusan kullum a jefa a miya. Kuɓewa tsiro biyar suka rage, suka yi fure a tsakiyar Mayu, aka samu 'ya'ya goma sha wani abu. Reshen zogale ɗaya ya tofo a mako na uku, ɗayan gara ta ci gindinsa, kuma ina zargin busasshen ganyen da muka tara ne ya jawo ta. Da na ƙiyasta duka da farashin kasuwa, bai kai jika biyar ba. Gida mai mutum tara, a wata biyu, wannan ba ciyarwa ba ce. Shinkafa da gero da mai daga albashina da bashin mai shago suka fito, da wata tunkiya da yayata ta sayar. Duk wanda ya ce maka garkar tsakar gida ta riƙe iyali a bazarar Yamai, ka tambaye shi mita nawa ce kuma ina ya samo ruwa. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, a kwanakin da babu kuɗin cefane sam, kuma an yi irinsu, miya ba ta fita ba ganye ba.

Nawa kuwa: salati ko kashi ɗaya cikin goma bai tsiro ba, don irinsa yakan ƙi tsirowa in ƙasa ta wuce digiri 30, abin da na sani a takarda na kuma manta a aikace. 'Yan da suka fito sun yi ɗaci. Tumatir ya tsiro, ya yi tsawo siriri, farin ƙuda ya sauka a bayan ganyensa har ganyen ya nannaɗe. Na jiƙa dakakken ganyen dogon yaro na fesa, ya ɗan rage. Da ya yi fure sai furen ya riƙa zubewa, domin in zafin rana ya wuce digiri 35 kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa. Ban ci ko ɗaya ba, kuma buhunan nan biyu sun sha ruwan da ya fi na fangalin lalo. Inna ba ta taɓa ce mini "na faɗa maka" ba. Takan dai tsaya a kansu da safe ta ce, "Malam, yaya masu jiki?"

Bayan an buɗe

Ran 13 ga Mayu aka buɗe masallatai aka ɗage dokar hana yawo. A ranar maza huɗu na gidan suka koma alwala a masallaci, ruwan tasa ya faɗi zuwa ƙasa da rabi. Ban yi tunanin wannan ba sai da na ga tasar da magariba. Ran 15 aka buɗe hanya, kwana kaɗan bayan haka maigida ya koma bakin aiki, kuma a motarsa ta farko Inna ta tafi, ba ta ko jira sallar azumi ba, idon ma ta ce a bar shi sai wani zuwan. Ran 1 ga Yuni aka koma lakwal, ni da masu ban ruwa da mai korar ƙadangaru duk muka fice tun safe.

Ruwan garkar da hannuwan da suka yi mata aiki duk dokar ce ta tara su a gida, da ta tashi kuwa ta tafi da abinta. Yayata ita kaɗai ba za ta iya da girki da ƙanƙara da fangali huɗu ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Alayyahu ya yi kai ya fitar da iri, ta yanke ta zuba a kwalba. Lalo ya bushe a makon farko na Yuni. Yakuwa ta yi ta maza har ruwan sama ya sauka, daga nan ta kama kanta. Zogalen da ya rayu ya wuce katanga kafin kaka, yanzu a gindinsa ake ɗaure tunkiya. Wurin fangalin an daɗe da shafe shi da siminti, nan maigida ke aje babur.